Ɗaukar nauyin mata ko miji da 'ya'ya zuwa Kanada

Ɗaukar nauyin mata ko miji da 'ya'ya hanya ce ta shige da fice a ƙasar Kanada, wadda ke bai wa ɗan ƙasa, ko baƙon da ya riga ya samu izinin zama na dindindin, damar nema wa iyalinsa na kusa irin wannan izini. Tana ƙarƙashin Dokar Shige da Fice da Kare 'Yan Gudun Hijira, wadda majalisar Kanada ta zartar a shekarar 2001 kuma ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2002. Ma'aikatar shige da fice da 'yan gudun hijira da zama ɗan ƙasa, wadda aka fi sani da IRCC, ita ke karɓar takardu tana yanke hukunci a kansu.

Hanyar ta bambanta da sauran hanyoyin shiga Kanada ta fuska ɗaya babba. Ba a duba ilimin wanda za a kawo, ko sana'arsa, ko iya Turanci ko Faransancinsa, kuma a mafi yawan lokuta ba a neman mai ɗaukar nauyin ya nuna yana samun wani adadin kuɗi. A madadin haka gwamnati na neman abu biyu: hujjar cewa auren ko dangantakar ta gaskiya ce bisa ma'aunin dokar Kanada, da kuma alkawari a rubuce cewa mai ɗaukar nauyin zai ciyar, ya tufatar, ya ba da muhalli na wasu shekaru, in kuwa ya gaza to bashi ya hau kansa. Yawancin ƙin amincewa da shari'o'in da ake yi a wannan fanni daga waɗannan abubuwa biyu suke tasowa.

A shirin karɓar baƙi da gwamnati ta bayyana a watan Oktoban 2024, an ware gurbi 70,000 ga mata da maza da 'ya'ya daga cikin gurabe 395,000 na shekarar 2025. Wannan ragi ne daga gurbi 82,000 da aka ware musu a 2024.

Tarihi

Kanada ba ta daɗe da ɗaukar haɗa iyali a matsayin haƙƙin kowa ba. A 1885 ta ɗora harajin dala 50 a kan kowane ɗan Sin da zai shigo, harajin ya kai dala 500 a 1903, sannan dokar 1923 ta rufe musu ƙofa kusan baki ɗaya har zuwa 1947. Maza da yawa da suka zo aikin shimfiɗa layin dogo da haƙar ma'adinai sun tsufa a Kanada, matansu da 'ya'yansu na can gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa gwamnati da kanta ta ɗauki nauyin jigilar mata kusan 48,000 da sojojin Kanada suka auro a Turai, mafi yawansu daga Birtaniya, tare da yara kusan 22,000. Akasarinsu ta tashar jiragen ruwa ta Halifas suka sauka.

A shekarun 1960 aka cire wariyar launin fata daga ƙa'idojin zaɓen baƙi, aka kawo tsarin maki a 1967. Dokar shige da fice ta 1976, wadda ta fara aiki a 1978, ita ce ta kafa rukunin iyali a matsayin rukuni mai zaman kansa, ta kuma rubuta haɗa iyali a cikin manufofin doka. Dokar 2002 ta faɗaɗa rukunin, ta shigar da masu zaman tare ba tare da ɗaurin aure ba, har da 'yan jinsi ɗaya, waɗanda Kanada ta halatta aurensu a duk faɗin ƙasar a 2005.

Daga 2010 zuwa 2015, zamanin gwamnatin Stephen Harper, an tsaurara ƙa'idoji da sunan yaƙi da auren takarda. Gwamnatin Justin Trudeau ta janye wasu daga cikinsu ta bar wasu, don haka tsarin da ake bi yanzu gauraye ne na zamanin biyu.

Wanda ya cancanci ɗaukar nauyi

Mai ɗaukar nauyi dole ya kai shekara 18, kuma ya kasance ɗan ƙasa, ko mai izinin zama na dindindin, ko wanda aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar 'yan asalin ƙasar. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke kan biza ta wucin gadi ba ya cikin wannan tsari, ko da ya shekara goma a ƙasar. Ɗan ƙasa da ke zaune a waje yana iya nema daga can, muddin ya nuna zai koma Kanada da zama idan iyalinsa suka samu izini. Mai izinin dindindin bai da wannan rangwame: sai yana zaune a Kanada zai shigar da takardu, kuma ana son ya ci gaba da zama har a gama. Wannan na takura wa wanda ke son komawa gida ya zauna da amaryarsa kafin takardu su fito.

Akwai abubuwan da ke hana mutum ɗaukar nauyi. Daga ciki akwai karɓar tallafin marasa ƙarfi daga gwamnati, sai dai idan saboda nakasa ne. Kasancewa a gidan yari. Karayar arziki da kotu ba ta sallame shi daga ita ba. Bin sa bashin kuɗin ciyar da 'ya'ya ko tsohuwar mata da kotu ta ɗora masa. Da kuma hukuncin laifin fyaɗe, ko mummunan tashin hankali, ko cin zarafin wani daga cikin dangi. Wanda ya taɓa kawo mata ba zai kawo wata ba sai shekara uku sun cika daga ranar da ta farko ta samu izini. Wanda shi kansa aure ne ya kawo shi Kanada ba zai ɗauki nauyin sabuwar mata ko sabon miji ba sai bayan shekara biyar. An kawo wannan ƙa'ida ta ƙarshe a watan Maris na 2012 domin toshe wata dabara da aka yi ta kuka da ita, inda mutum zai yi aure ya shigo, ya rabu da wadda ta kawo shi, sannan ya aika wa wadda ya baro a gida.

Sharaɗin samun kuɗi ba ya shigowa sai idan ɗan da za a kawo shi ma yana da ɗa nasa. A nan tsarin ya sha bamban da na kawo iyaye da kakanni, inda ake neman shaidar haraji ta shekara uku.

Takardar alkawari

Mai ɗaukar nauyi yana sa hannu a kan alkawari tsakaninsa da gwamnati cewa zai biya buƙatun yau da kullum na waɗanda ya kawo: abinci, sutura, wurin kwana, da kula da lafiyar da inshorar gwamnati ba ta biya, kamar haƙori da ido. Ga mata ko miji, alkawarin na shekara uku ne daga ranar samun izinin dindindin. Ga ɗan da bai kai shekara 22 ba, shekara goma ne ko har ya cika 25, duk wanda ya fara zuwa. Ga ɗan da ya kai 22, shekara uku ne. Ke nan jaririn da aka kawo yana kan wuyan mahaifinsa a hukumance shekara goma, matashi ɗan shekara 20 kuwa shekara biyar.

Ma'anar alkawarin a aikace ita ce, idan wanda aka kawo ya je ya karɓi tallafin marasa ƙarfi a cikin wa'adin, gwamnatin lardi za ta dawo wa mai ɗaukar nauyin ta nemi kuɗinta. Saki ba ya warware alkawarin. Yaji ba ya warware shi, haka rasa aiki, ko ƙaura zuwa wani lardi, ko wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa. Ana iya janye takardu ne kawai kafin a ba da izini. Da zarar an bayar, magana ta ƙare.

Kotun Ƙoli ta Kanada ta tabbatar da haka a shari'ar Mavi a 2011. Mutum takwas a lardin Ontariyo, waɗanda 'yan uwan da suka kawo suka karɓi tallafi, sun ƙalubalanci bashin da aka bi su, wasunsu suna cewa zama ya lalace ba da laifinsu ba. Kotun, a hukuncin da Mai Shari'a Ian Binnie ya rubuta, ta ce dole gwamnati ta sanar da mutum, ta ba shi damar bayyana halin da yake ciki, kuma tana iya jinkirta karɓa ko ta rarraba biyan, amma ba ta da ikon yafe bashin. Wanda ake bin sa irin wannan bashi ba zai sake ɗaukar nauyin kowa ba sai ya biya.

Auren da doka ta yarda da shi

Doka ta san dangantaka iri uku. Ta farko aure. Ta biyu zaman tare na wata goma sha biyu a jere a gida ɗaya ba tare da ɗaurin aure ba. Ta uku ta shafi wanda ke wajen Kanada, wanda ya shekara ɗaya a kan dangantaka mai kama da aure amma wani babban shinge, na doka ko na biza, ya hana su yin aure ko zama tare. Wannan rukuni na uku ƙarami ne kuma da wuya a ci nasara a cikinsa.

Auren da aka ɗaura a waje sai ya inganta a dokar wurin da aka ɗaura shi, ya kuma inganta a dokar Kanada. Najeriya, alal misali, ta yarda da auren rajista da auren gargajiya da auren Musulunci, don haka ba dole ba ne sai an je rajista kafin Kanada ta karɓi aure. Matsalar takan zo ne daga sharaɗi na biyu.

Tun watan Yunin 2015 ba a ɗaukar nauyin mata ko mijin da bai kai shekara 18 ba. Kafin nan 16 ne. A daidai lokacin ne kuma aka daina karɓar auren da ɗaya daga cikin ma'auratan, ko dukansu, ba su halarci wurin ɗaurinsa da jikinsu ba, ko ta wakili aka yi, ko ta tarho, ko ta intanet. Sojojin Kanada da ke bakin aiki kaɗai aka ware. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne kare mata daga auren dole. Sai dai ƙa'idar ta faɗa a kan al'ummomi da yawa da auren wakilci ya zama musu ruwan dare ba tare da wani tilas ba. A ƙasar Hausa waliyyin amarya da wakilin ango ne ke yin siga a masallaci ko ƙofar gida, amarya tana cikin gida, kuma angon da ke Toronto ko Kalgari yana iya barin kawunsa ya karɓar masa aure ba tare da ya taka ƙasar ba. Auren ya ɗauru a shari'a kuma ya inganta a Najeriya ko Nijar, amma idan angon bai zo ba, Kanada ba za ta ɗauke shi aure ba wajen ɗaukar nauyi. Mafitar da ta rage wa irin waɗannan ma'aurata ita ce su zauna tare wata goma sha biyu su nema a rukuni na biyu, ko su roƙi a duba su ta fuskar jinƙai.

Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a sashe na 293 na kundin laifuffukan Kanada, kuma babbar kotun lardin Biritish Kolombiya ta tabbatar da sashen a 2011. Ƙa'idar shige da fice ta ce ba a ɗaukar mace a matsayin mata idan mijin yana da wata matar a ranar da aka ɗaura musu aure. Saboda haka uwargida ce kaɗai ake gani. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sakin uwargida daga baya ba ya gyara auren amarya, domin ranar ɗaurin auren ake dubawa. Sai an rabu da sauran a hukumance, sannan a sake ɗaura aure da wadda ake son kawowa. 'Ya'yan kishiyoyi kuwa duk 'ya'ya ne a idon doka, uban yana iya ɗaukar nauyinsu ko da ba zai iya kawo mahaifiyarsu ba, wanda hakan kan jefa iyali cikin zaɓi mai ɗaci.

Bayan inganci sai gaskiyar zaman. Jami'i na iya ƙin takardu idan ya ga auren ba na gaskiya ba ne, ko kuma an ƙulla shi ne da farko don samun takardar zama. Kafin watan Satumban 2010 sai abubuwan biyu sun haɗu ake ƙi. Daga lokacin ɗaya ya isa. Illar wannan ita ce auren da aka fara da niyyar tafiya, amma ƙauna ta shiga daga baya har aka haihu, yana iya faɗuwa duk da haka. Hujjojin da ake dubawa sun haɗa da hotunan biki da taron dangi, saƙonni da kiran waya, tikitin jirgi da tambarin fasfo na ziyara, kuɗin da ake aikawa, da takardun haya ko asusun banki na haɗin gwiwa. Auren haɗi ba laifi ba ne, jami'ai sun san shi, kuma sukan auna aure da al'adar mutanen da suka yi shi. Abin da ke ta da zargi shi ne saɓa wa al'adar ba tare da bayani ba: biki ba dangi, tazarar shekaru mai yawa, aure kwanaki kaɗan bayan an ƙi wa mutum mafaka, ko ma'auratan da aka yi wa tambayoyi daban-daban suka ba da amsoshin da ba su dace ba. Wanda aka kama da ƙarya ana hana shi shiga Kanada shekara biyar.

Daga Oktoban 2012 zuwa Afrilun 2017 an gwada izini mai sharaɗi: sababbin ma'auratan da ba su wuce shekara biyu tare ba kuma ba su haihu ba, sai sun zauna gida ɗaya shekara biyu bayan isowa, in ba haka ba a karɓe izinin. Ƙungiyoyin mata da lauyoyi sun yi ta cewa hakan na ɗaure matan da ake duka a gidan masu dukansu, domin ko da yake an ware waɗanda ake zalunta, da yawa ba su san da hakan ba ko suna tsoron magana. An soke sharaɗin.

'Ya'ya

Ɗan da ake iya kawowa shi ne na cikin mai ɗaukar nauyi, ko na matarsa ko mijinta, ko wanda aka mayar ɗa a hukumance, muddin bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba. Wanda ya kai 22 yana shiga ne kawai idan rashin lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi riƙe kansa, kuma iyayensa ke ɗauke da shi tun kafin ya kai wannan shekara. An rage iyakar zuwa ƙasa da 19 ranar 1 ga Agustan 2014, aka mayar da ita ƙasa da 22 ranar 24 ga Oktoban 2017. Shekarun yaro suna tsayawa a lissafi ranar da ma'aikata ta karɓi cikakkun takardu, don haka cika 22 ana tsakiyar jira ba ya fitar da shi. Aure yana fitar da shi.

Idan yaron ƙarami ne kuma ɗaya daga cikin iyayensa ba zai biyo shi ba, ana neman yardar wannan a rubuce, ko hukuncin kotu da ya ba da riƙo. Ana neman takardar haihuwa, wadda a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Inda takardar ta yi rauni, misali an yi ta shekaru da yawa bayan haihuwa, jami'i na iya ba da damar gwajin ƙwayar halitta a ɗakin gwajin da aka amince da shi, a kan kuɗin mai nema.

Ɗan riƙo ba ya cikin 'ya'ya. Yaron da mutum ya raina tun yana goye, ɗan ƙaninsa ko na yayarsa, ba ya zama ɗansa a dokar shige da fice sai an yi cikakkiyar mayarwa wadda ta yanke alaƙar doka da iyayen asali. Kafala ta Musulunci ba ta yanke nasaba, shi ya sa Kanada ba ta ɗauke ta daidai da mayarwa, kuma a kan wannan dalili ta dakatar da karɓar yara daga Pakistan a 2013. Akwai dai wata ƙofa ta daban ga maraya: ƙani, ƙanwa, ɗan ɗan'uwa ko jika da bai kai 18 ba, bai yi aure ba, kuma uwa da uba duka sun rasu.

Yaron da aka haifa a waje alhali uwa ko uba ɗan Kanada ne yakan zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Irin wannan ba a ɗaukar nauyinsa. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa da fasfo ake nema masa.

Iyalin da ba a bayyana ba

Ƙa'idar da ta fi kowace tsanani a wannan fanni ba ta shafi ranar ɗaukar nauyi ba, ta shafi ranar da mai ɗaukar nauyin shi kansa ya nemi zama. Duk mai neman izinin dindindin dole ya lissafa matarsa da dukan 'ya'yansa, masu binsa da masu zama, a kuma duba lafiyarsu. Wanda bai ambata ba, ba zai taɓa ɗaukar nauyinsa ba har abada. Wannan ya haɗa da auren da aka ɗaura ko jaririn da aka haifa bayan shigar da takardu amma kafin sauka a Kanada.

Mutane na faɗawa wannan rami ta hanyoyi da dama. Wani dillalin biza ne ya ce masa ya rubuta ba shi da aure don takardu su yi sauri. Wata kunyar ɗan da ta haifa kafin aure ce ta hana ta faɗa. Wani ɗan gudun hijira ya ɗauka 'ya'yansa sun mutu a yaƙi, daga baya suka bayyana. Doka ba ta bambanta mai gangan da mai kuskure. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta tabbatar da ƙa'idar a 2005 a shari'ar De Guzman, wadda ta shafi wata mata 'yar Filifin da ba ta bayyana 'ya'yanta maza biyu ba lokacin da ta shigo. Bayan shekaru ana suka, gwamnati ta buɗe wani sassauci na gwaji a watan Satumban 2019, aka kuma tsawaita shi daga baya. Ya shafi waɗanda suka shigo a matsayin 'yan gudun hijira ko waɗanda su ma iyali ne suka kawo su. Wanda ya shigo ta hanyar ƙwarewar aiki bai shiga ciki ba, roƙon jinƙai kaɗai ya rage masa.

Yadda ake nema

Takardun mai ɗaukar nauyi da na wanda za a kawo tare ake shigar da su, kuma tun watan Satumban 2022 ta intanet ake yi. Duk takardar da ba ta Turanci ko Faransanci ba, kamar shaidar aure da aka rubuta da Hausa ko Larabci, sai an haɗa ta da fassarar mai fassara da aka yarda da shi. Takardun da ba su cika ba ana mayar da su, sai a sake daga farko.

A farashin da aka sa ranar 30 ga Afrilun 2024, kawo mata ko miji ya ci dalar Kanada 1,205: dala 85 ta ɗaukar nauyi, 545 ta duba takardu, da 575 ta haƙƙin zama, wadda ake mayarwa idan aka ƙi. A farashin na 2024, kowane yaro da ke cikin takardun ya ci dala 175. Ana sabunta farashin duk bayan shekara biyu. Ban da wannan akwai dala 85 ta ɗaukar hoton yatsu da fuska ga masu shekara 14 zuwa 79, wanda a Najeriya ake yi a cibiyoyin biza na Abuja da Legas, da kuɗin likita, da na takardar 'yan sanda daga kowace ƙasar da mutum ya zauna wata shida a jere tun ya cika 18.

Likitan da ma'aikata ta amince da shi ne kaɗai ke duba lafiya, sakamakon kuma wata goma sha biyu yake aiki. Mata da miji da 'ya'ya suna da wani rangwame da mafi yawan sauran baƙi ba su da shi: ba a ƙin su don ciwonsu zai ci wa asibitocin gwamnati kuɗi da yawa. Abin da ake dubawa shi ne haɗari ga jama'a, kamar tarin fuka da bai warke ba, wanda shi ma yawanci jinkiri yake jawowa har a gama magani.

Ana nema ta hanya biyu. Ta waje ita ce ta wanda ke wata ƙasa, ko yake Kanada amma yana son ya riƙa fita da shiga. Ta ciki ita ce ta ma'auratan da ke zaune tare a Kanada. Mai bin ta ciki yana iya samun izinin aiki yayin jira, tsarin da aka fara a Disambar 2014, aka kuma faɗaɗa shi a watan Mayun 2023 ga masu bin ta waje da ke zaune a ƙasar tare da mai ɗaukar nauyinsu. Haɗarin ta ciki shi ne idan mutum ya fita aka hana shi dawowa, takardunsa sun lalace. A Disambar 2016 ministan lokacin, John McCallum, ya sa wata goma sha biyu a matsayin mizanin gama aiki, amma annobar korona ta rushe shi na wani lokaci, kuma har yanzu jiran yana hawa yana sauka.

Ba dole ba ne a ɗauki wakili. Idan za a biya wani kuɗi don shawara, doka ta taƙaita hakan ga lauyoyin Kanada, da masu tabbatar da takardu na Kebek, da masu ba da shawara da ke da lasisin hukumar da aka buɗe don kula da su a 2021. Ƙaryar da dillali ya rubuta a takarda, mai takardar ake kamawa da ita.

Idan aka ƙi

Wanda ya bi ta waje yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara cikin kwana 30 zuwa sashen ɗaukaka ƙara na Hukumar Shige da Fice da 'Yan Gudun Hijira. A can ana sauraron magana daga tushe, ana karɓar sababbin hujjoji, matar ko mijin da ke waje kuma yana ba da shaida ta waya ko bidiyo. Wanda ya bi ta ciki bai da wannan haƙƙi. Abin da ya rage masa shi ne neman Kotun Tarayya ta duba hukuncin, ita kuwa ba ta sake auna auren, tana duba ne ko jami'in ya bi hankali da adalci. Wannan bambanci ne ke sa lauyoyi da yawa ba wa masu rikitaccen lamari shawarar bin ta waje ko da suna cikin ƙasar.

Lardin Kebek

Bisa yarjejeniyar 1991 tsakanin gwamnatin tarayya da Kebek, mazaunin lardin yana sa hannu a kan alkawarinsa ne da ma'aikatar shige da fice ta lardin, bayan tarayya ta amince da cancantarsa. Wa'adin mata ko miji shekara uku ne kamar ko'ina, na 'ya'ya kuwa lissafinsa daban ne. Saboda lardin yana ƙayyade yawan waɗanda zai karɓa a shekara, jiran ma'aurata a can ya haura shekara biyu. A watan Yunin 2024 Kebek ta ƙara sa iyaka ta takardu 13,000 na ɗaukar nauyin iyali a cikin shekara biyu.

Kwatanci da wasu ƙasashe

A Amurka mai ɗaukar nauyi sai ya nuna samun da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci, alkawarinsa kuma yana ci gaba har wanda ya kawo ya zama ɗan ƙasa ko ya cika kimanin shekara goma na aiki. Auren da bai kai shekara biyu ba katin zama mai sharaɗi ake ba shi, iyakar shekarun ɗa kuma 21 ce. A Birtaniya an sa sharaɗin samun fam 18,600 a shekara a 2012, aka ɗaga shi zuwa fam 29,000 a Afrilun 2024, kuma matar ko mijin sai ya yi shekara biyar a kan biza ta wucin gadi kafin ya nemi zaman dindindin.

Bayan samun izini

Wanda aka amince da shi yana zama mai izinin dindindin ranar da ya sauka, ko ranar da aka tabbatar masa idan yana cikin ƙasar. Yana da damar aiki da karatu a kowane lardi da shiga inshorar lafiya, amma ba ya jefa ƙuri'a. Katin zama shekara biyar yake yi. Don riƙe matsayin sai mutum ya yi kwana 730 a Kanada cikin kowace shekara biyar, kodayake kwanakin da ya yi a waje tare da mata ko miji ɗan ƙasa ana lissafa su. Bayan kwana 1,095 a cikin shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa.

Izinin na wanda aka ba ne, ba na mai ɗaukar nauyi ba. Mijin da ya kawo mace ba shi da ikon sa a mayar da ita gida don sun rabu, duk da cewa barazanar hakan na daga cikin abubuwan da ake tsorata sababbin zuwa da su. Ma'aikata na iya buɗe bincike ne kawai idan akwai hujjar cewa auren yaudara ne tun farko. Wadda take cikin haɗari ita ce wadda takardunta ba su fito ba tukuna, domin mijin na iya janyewa. Tun watan Yulin 2019 irin wannan mata, ko miji, da ke fuskantar cin zarafi a gida tana iya neman izinin zama na wucin gadi na musamman ita da 'ya'yanta, tare da izinin aiki da kula da lafiya, ba tare da an tilasta mata ba da shaida a kan mijin ba.